Gyaran Ɗaki Da Hannunka Ya Fi Adon Bashi

Aikina ya kan kai ni ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan sau da dama a shekara, domin in duba ɗalibanmu waɗanda mu ke turawa makarantun firamare su gwada koyarwa kafin a ba su takardar shaida. Da ya ke ba ko wane gari ne ke da masaukin baƙi ba, a gidajen malamai na kan sha ruwa, wani lokaci ma in kwana. Ta haka na shiga ɗakunan malaman makaranta da na akawunan ƙananan hukumomi masu yawan gaske, na kuwa ga abin da ya sa na ce lalle in ɗauki alƙalami in yi magana da 'yan'uwana ma'aikata, ko da za a ce na shiga sharo ba shanu.

A daminar bara, cikin watan Yuli, wani saurayin malami wanda bai fi wata takwas da aure ba ya ja ni gidansa cin abinci. Da shigata sai na rasa inda zan sa ƙafa. Kujerun kushin manya-manya sun cika falo, ga labule mai walƙiya tun daga sama har ƙasa, ga kafet, ga kabad na gilashi maƙil da tangaran wanda ba a taɓa cin tuwo a cikinsa ba. Amma ban daɗe da zama ba hancina ya gaya mini abin da idona bai gani ba. Bangon gabas ya jiƙe har gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon rogo, kafet ya yi funfuna, a bayan kujera kuwa an ajiye roba tana tarar ɗigon ruwa daga rufi. Bayan mun wanke hannu ya faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa don kada amarya ta ji, cewa kabad da tangaran daga gidan iyayenta suka zo, amma kujeru da labule da kafet shi ya ci bashi ya saya, ana kuwa zare kuɗin daga albashinsa ko wane wata, saura da nisa. Na ce masa, "To, Malam, nawa ne kuɗin toshe yoyon nan?" Da muka yi lissafi, bai kai kuɗin labule ɗaya ba.

Kwana biyu bayan wannan na sauka wajen wani dattijon malami a wani ƙauye kusa da Gimi. Gidan ƙasa ne, irin wanda ya gada. Ƙasan zaurensa daɓe ne, ja wur, sumul, har yana ɗaukar ido. Bango fari fat, an ja masa jan layi mai faɗi daga ƙasa zuwa ƙugu. Ga dakali an shimfiɗa masa tabarmar kaba, ga kanta hawa uku ya jera littattafansa da allunan jikokinsa, ga faifai biyar masu launi an kafe a saman ƙofa. Rana ta take, amma cikin zauren sanyi kamar gindin tsamiya. Na tambaye shi abin da ya kashe. Ya yi dariya ya ce farar ƙasa ya saya, da ƙusa, da goron matan da suka yi masa daɓe, saura duka hannunsa ne da na 'ya'yansa cikin hutun makaranta.

Albashin mutanen nan biyu bai bambanta da yawa ba. Abin da ni ke so in ce shi ne, mai ƙaramin albashi yana iya zama cikin ɗaki mai kyau, mai tsabta, wanda ba zai ji kunyar shigar da baƙo ba, ba tare da ya ci bashin ko kwabo ba, in ya yarda ya sa hannunsa, in kuma ya bi aikin daki-daki, ya fara da abin da ya kamata a fara da shi. Yawancinmu daga ƙarshe mu ke farawa.

Ba kuwa jiya muka koyi wannan hali ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta Likoro da Gimi ta isa Kano a 1911, kwanon rufi da siminti da langa da tangaran suka sami hanyar shigowa ƙasar nan a sauƙaƙe. Waɗanda suka fara sayensu, bayan sarakuna da attajirai, su ne masu albashi, watau malaman makaranta da akawunan En'e. Tun daga lokacin aka ɗauka gidan ɗan boko bai cika ba sai an ga kayan kanti a cikinsa. Da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata a 1975 abin ya zama ruwan dare, har manomi ya shiga kwaikwayon malami. A wancan zamani albashi yana iya ɗaukar kayan. Yau fa? Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kome ya yi tashin gwauron zabo. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na wannan shekarar kuwa naira 70,000 ne. Watau a wancan farashi, ko mai ƙaramin albashi ya hana iyalinsa ci wata guda cur, ko buhu bakwai ba zai ɗauko ba. Albashi ya rame, amma sha'awar da muka gada daga zamanin ƙiba tana nan ba ta rame ba.

Abin mamaki kuma, mu mutanen ƙasar Zazzau ne ke wannan, mu da aka sani da gini da zanen bango. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Jumma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, da ƙasa da azara, ya ɗaura bakuna waɗanda masana gini na ƙasashen waje suka yi ta zuwa aunawa da zanawa, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Wanda ya zaga birni da Tudun Wada zai iya tarar da sauran gidajen da aka yi wa zane a fuskar zaure cikin shekarun 1950 da 1960. Wani an murɗa zanen da yatsa tun laka tana ɗanya, wani an karce shi a jikin shafe, wani kuwa da launi aka yi shi. Ga dagi, ga takobi, ga keke da agogo da jirgin sama, domin maginan ba su ƙi zamani ba, sun ɗauko shi ne sun zana a bangonsu da hannunsu. A Jamhuriyar Nijar, a garin Yama na jihar Tawa, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, aka ba ginin lambar girma ta Aga Khan a 1986. A 2022 kuma babbar lambar masu tsara gini ta duniya, wadda a ke kira Pritzker, ta faɗa hannun Francis Kéré, mutumin Burkina Faso, wanda ya fara suna da makarantar firamare da ya gina wa ƙauyensu Gando da bulon ƙasa. Abin da mu ke jin kunyarsa shi waɗansu ke karɓar lambar girma a kansa.

Ba zan ɓoye ba, ginin ƙasa yana da sharaɗi. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin nan na Zariya ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Wannan ya isa ya tuna mana cewa ko aikin Babban Gwani yana bukatar ido a kansa kullum, balle ɗakina da naka. Saboda haka adon gida daga ruwa ya ke farawa. Kafin ka yi tunanin launi, hau sama ka duba. In soro ne, duba indararo ko ya toshe, ko ya karkace yana zubar da ruwa a jikin bango, ka duba rawani ko ya tsage. In kwano ne, nemi ƙusar da ta ɗaga da wurin da ya yi tsatsa. Sa'an nan ka sauko ka duba gindin bango ta waje. A nan ruwan da ya faɗo daga rufi ke tsalle yana cin gini a hankali, har wata rana cikin marka a ji rugum. Maganinsa ba wuya: a tara ƙasa a gindin bangon a daddaɓe ta, ta gangara waje, a kuma gyara kwata ruwa ya sami hanyar fita. Da ya ke hadarin ƙasarmu daga gabas ya kan taso, bangon gabas shi ya fi shan duka, shi ya kamata a fara yi wa yaɓe.

Iyayenmu da makuba su ke wannan yaɓe. Ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne, wanda ya saura bayan an cire garin an ɗebe kalwa don daddawa. A kan daka shi a jiƙa, ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, a kwaɓa ƙasa da shi a shafe bango, ruwan sama ya riƙa zamewa. Ba ya dawwama, sai an sabunta bayan shekara ɗaya ko biyu, amma kuɗinsa kusan babu ga wanda ke zaune a ƙauye. Wanda ya fi shi ƙarko shi ne laso, wanda a kan haɗa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, shi a ke sa wa saman soro da rawani. Laso kam ya yi wuyar samu, domin karofi ya mutu a yawancin garuruwa, in ba rini kuwa ba katsi. Ɗorawa ma masu gawayi sun tasa ta gaba. Duk wanda ke da ita a gonarsa ya san ba miya kaɗai ya ke tsaro ba, har da bangon ɗakinsa.

A nan sai in ja kunnen masu gaggawar shafe ginin ƙasa da siminti. Siminti da ƙasa ba su jituwa. Zafi da sanyi su kan motsa su dabam-dabam, siminti ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasa ta jiƙe a ɓoye tana narkewa alhali daga waje bango yana nan fes. Ranar da ɓawon simintin zai faɗo, sai ka tarar rabin bangon ya tafi. Wanda ya ga dole sai ya sa, to, ya nemi birkila wanda ya san yadda a ke kafa ƙusa ko waya a jikin bangon don simintin ya sami abin kamawa, ya kuma riƙa bin tsaga yana toshewa. In ba haka ba ya zuba kuɗinsa a rijiya.

In ruwa ya bar ka, sai ƙasan ɗaki. Ban san wani aiki na gida da ya kai daɓe kyau da araha ba, ban kuma san wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa ba. A kan share ɗaki a daidaita shi, a zuba marmara ko burji mai ƙananan tsakuwa, a yayyafa ruwa, sa'an nan mata su jeru da madaɓai su yi ta bugu tare, suna waƙa don hannu ya zo ɗaya. In ya kwanta a bar shi ya sha iska, a sake yayyafa ruwa a sake bugu, har tsakuwa ta nutse fuska ta yi sumul. Daga nan a riƙa shafa masa ruwan makuba ko na bagaruwa, yana shanyewa ana ƙarawa, har ya yi duhu ya yi tauri. Daɓen da aka yi da haƙuri ya kan yi shekaru, yana sharuwa, ba ya tashin ƙura, da zafi kuma ya fi siminti daɗin kwanciya. Ladan masu aiki fura ce da tuwo da goro, da alkawarin cewa ran da za a yi nasu matan gidanka za su je. A Hunƙuyi da Paki da Gubuci har yanzu akwai tsofaffin mata da suka iya, amma 'yan matan da muka koyar a makaranta ƙalilan ne suka taɓa riƙe madaɓi. Wannan laifi namu ne malamai, zan kuwa komo kansa.

Wanda ɗakinsa ya riga ya sami siminti ba na ce ya fasa shi ba. Ya cike ramuka, ya wanke, ya shimfiɗa tabarma. Kafet a ƙasar da hunturu ke busawa wata uku ma'ajin ƙura ne da ƙuma, da damina kuma ya sha laima ya yi wari, ga yara na rarrafe a kansa suna tari. Tabarmar kaba kuwa ka naɗe ta ka kakkaɓe ka shanya a rana, in ta tsufa ka sayi wata ranar kasuwar Maƙarfi, kuɗinka ya shiga hannun wanda ya saƙa ta.

Sai bango ta ciki. Farar ƙasa ita ce fentin talaka, ba ta kuwa da abin kunya. Aibinta guda, ta kan kama riga in an jingina. Masu aikin su kan jiƙa ƙaro su tace su zuba a ciki, da ɗan gishiri, don ta kama bango, waɗansu kuma su ɗiga bula kaɗan farin ya ƙara haske. A dama ta ruwa-ruwa, a shafa sau biyu ko uku, ana bari ko wane shafi ya bushe. Mai garaje ya kan dama da kauri ya shafa sau ɗaya, bayan mako guda ta fara zuba. Daga ƙasa zuwa ƙugu a ja layi da jar ƙasa, kamar yadda dattijon nan ya yi, domin nan ne hannun yara da bayan manya ke taɓawa. Igiya da ƙusa biyu sun isa su fid da layin sak. Wanda ke da hannun zane ya yi dagi ɗaya a saman ƙofa, ya tsaya nan. Na ga ɗakin da aka cika wa bango huɗu da furanni da tsuntsaye har mutum ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Fentin mai kuwa a bar shi ga ƙofa da taga. A kan bango mai laima ba ya zama, domin yana hana bangon numfashi. Ban da wannan, waɗansu fentin mai masu araha akwai dalma a cikinsu, in sun tsufa suna ɓarewa yara su kan tsinta su kai baki, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Mutanen Arewa sun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ko da ya ke waccan daga dutsen zinariya ta fito. Malamin da ke kukan yara ba su gane karatu bai kamata ya kai wa nasa wannan cikin ɗaki ba.

Akwai abu biyu da ba a kan lissafa su cikin ado ba, alhali sun fi labule gyara ɗaki, watau haske da sanyi. Yawancin ɗakunanmu taga ɗaya gare su, ƙarama, ita ma an toshe ta da tsumma. Ɗaki mai duhu ko an zuba masa kayan Dubai kurkuku ne. A faɗaɗa taga, in da hali a yi wata a bangon da ke fuskantarta don iska ta ratsa, a sa mata raga saboda sauro. Ɗakin kwano marar silin kuwa tanderu ne a watan Afrilu. Wanda bai iya sayen silin na kanti ba ya ɗaura gwangwala ko gora a ƙarƙashin kwanon, ya shimfiɗa asabari ko tabarma a kai, zai ji bambanci a ranar. Sai dai ya kula da abu biyu: ya toshe kafar ɓera, kada kuma wayar lantarki ta bi ta cikin ciyawa tsirara, gobara ba ta sallama. A tsakar gida a dasa darbejiya ko mangwaro nesa da bango kaɗan saboda saiwa, da zogale a bakin kwata inda ruwan wanke-wanke ke bi.

Kayan ɗaki su ne na ƙarshe, ba su kuwa bukatar dogon bayani. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga malami da kujerun kushin, littattafansa kuwa suna cikin buhu a ƙarƙashin gado gara tana ci. Katako uku da bulo shida sun zama kanta, ba sai an kira kafinta ba, a dai janye ta daga bango kaɗan don a riƙa ganin hanyar gara. Ƙyallayen da tela ke sharewa ya zubar, in an haɗa su an ɗinke, sun zama rigar matashi da abin rufa gado. Kwandon tumatir, wanda ya cika ƙasar Ikara da Kudan lokacin rani, in an wanke an shanya ya isa ma'ajin kayan wanki. Ƙwarya mai zane da faifai da tulu ba su gaza hoton wani dutsen ƙanƙara na ƙasar Turai ba, wanda mai ɗakin bai san ko sunansa ba.

Jeren mata ban taɓa shi ba, don ba nawa ba ne. Tun ana jera ƙwarya, aka koma tasa, aka koma langa, aka zo tangaran, ko wane zamani da nasa, kuma jere dukiyar mace ce wadda ta kan sayar ran da ta shiga matsi. Abin da ni ke roƙo kaɗai shi ne iyaye su auna ɗakin kafin su auna kayan. Na san uban da ya jinginar da gonar rakensa don gado da kabad, aka kai kayan suka ƙi shiga ƙofa sai da aka fasa bango.

Na san abin da za a ce mini. Wani zai ce gidan haya ya ke, gobe kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki daga Ikara zuwa Kudan, don me zai gyara wa wani gida? Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Ba na ce ɗan haya ya yi wa mai gida yaɓe ba, sai in sun shirya a cire daga kuɗin haya, a kuma rubuta a takarda da shaidu. Amma farar ƙasa da raga da toshe yoyo kai za ka ci moriyarsu tun daren farko, kanta da tabarma da matashi kuwa tare za ku hau mota. Hasali ma mai yawan ƙaura shi ya fi kowa bukatar kaya marasa nauyi. Duk wanda ya taɓa ɗora kujerun kushin a bayan a-kori-kura ya bi hanyar ƙauye da damina ya san yadda su ke isa.

Wani kuma ba zai faɗa da baki ba, amma abin da ke ransa shi ne girma: yaya za a ga Malam, ko akawun hakimi, ya naɗe wando yana kwaɓa laka? Wannan ita ce ainihin cutar, sauran duka alamunta ne. Mun ɗauka takardar shaida ta 'yanta hannunmu daga aiki. Ni dai ban ga inda girman dattijon nan na wajen Gimi ya ragu ba. A zaurensa a ke raba gardamar gari, a kan dakalin da ya gina da kansa. Saurayin kuwa, da ya rako ni, sai da ya canja hanya don kada mu bi ta ƙofar mai kanti.

Maganar lokaci ita ce mai sauƙi. Babban hutu ya kan faɗo cikin marka, lokacin da ba a yaɓe, sai dai a lura da inda ruwa ke shiga a sa alama da gawayi. Hutun Disamba shi ne na daɓe da farar ƙasa, an gama girbi, hannu ya samu, sai dai a rufe ƙofa kada iskar hunturu ta busar da aikin da sauri ya tsattsage. Hutun Afrilu kuwa na rufi ne da bangon waje, kafin ruwan farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ce zan komo kan laifinmu. Dā a makarantun elementare akwai darasin aikin hannu, yaro ya kan saƙa tabarma ko igiya ko faifai, ya gina tukunya, a duba a ba shi maki. A hankali muka wayi gari a makarantu da yawa yaro ya kan kawo tsintsiyar da aka saya a kasuwa, daga baya ma aka ce ya kawo kuɗin kawai. Ran da malami ya karɓi kuɗi a madadin aikin hannu ya ba da maki, ran nan ya koya wa yara arba'in cewa abin da aka saya ya fi abin da aka yi. Ga shi yaran sun girma sun zama malamai, suna cin bashi su sayi labule ruwa na zuba a bayansa. Ajin da su ke koyarwa a ciki ma haka ya ke, bango ya yi baƙi, ƙasa ta fashe, ana jiran gwamnati ta aiko ɗan kwangila, alhali buhun farar ƙasa ɗaya da Asabar biyu sun isa su canja fuskar ajin.

Ina roƙon shugabannin makarantu na ƙananan hukumomin nan uku su gwada abu ɗaya a wannan shekara. Ko wane gari akwai tsohon magini, akwai tsohuwa mai daɓe. A gayyato su makaranta, a ba su kujera da goro kamar yadda a ke ba ko wane baƙon malami, su nuna wa 'yan aji biyar da shida yadda a ke yi, a kan bango ɗaya ko ɗaki ɗaya na makarantar. Malami kuma ya zauna da littafi ya rubuta: kwano nawa na makuba a tulu nawa na ruwa, kwana nawa a ke jiƙawa, daga wane rami a ke ɗebo ƙasar da ba ta tsagewa. Ma'aunin Likoro ba lalle ya zama na Saulawa ba, domin ƙasa ta bambanta, shi ya sa ban ba da ma'auni a nan ba. Ni ma na ɗora wa ɗalibaina wannan aiki, ko wanne ya komo daga hutu da abin da ya rubuto daga bakin maginin garinsu, da sunan garin da irin ƙasarsa. Mai karatu wanda ya riga ya san na garinsu ya aiko ta hannun Edita, a haɗa da nasu.